Sunan da Sakatare Ya Tsallake

'Yata Monika ce ta ce in rubuta, wai ko zuciyata za ta yi sanyi. Na ce mata ni ba sanyi nake nema ba. Ina rubutawa ne don matan da ke ɓoye ciwo a cikin zane su ji, kuma don masu riƙe da biro a coci su san abin da biron nasu yake iya yi wa mutum. Ni ce Maman Monika, mai injin markaɗe a Bosso. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, amma ni a Minna aka haife ni, a nan na yi aure. Maigidana direba ne, yana jigilar ɗalibai zuwa jami'a a Gidan Kwano. Wadda na yi jinya ba dangina ba ce, ko yarenmu ba ɗaya ba. Sunanta Asabe.

Asabe ta zo Minna ne da tsohuwarta, wadda muke kira Iya, daga wani ƙauye can wajen Shiroro. 'Yan bindiga sun ƙone garin, mijinta ya tsaya kora shanu, ba a sake ganinsa ba. Cocinmu ta karɓe su tare da wasu iyalai, aka ba su tsofaffin azuzuwa a bayan gidan Fada, limamin cocinmu. Gaskiya dai gaskiya ce, Katolikan unguwarmu sun yi ƙoƙari. Wani ya kawo katifa, wani ya kawo tukunya, matan zumunta muka kwashe zannuwanmu muka kai. Aka kafa kwamitin agaji, duk ƙarshen wata a raba shinkafa da masara da manja da sabulu. Ba zan ci amanar wannan alheri ba don ina fushi, na gani da idona.

Sakataren kwamitin shi ne Oga Bitrus, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya amma ya ƙi ajiye fayil. Shi ke riƙe da rajistar 'yan gudun hijira, shi ne kuma ke karanta sanarwa a coci ran Lahadi. Mutum ne mai guga, mai tsafta, ba ya cin ko ƙwayar shinkafar kowa, wannan na shaide shi. Shi ya kawo dokar cewa duk wanda aka kama yana sayar da kayan agaji, a soke sunansa. Dokar tana da dalili, don wasu maza suna kai shinkafar su dawo da burkutu a ciki. Ranar da aka kawo maganar a taron coci, har da ni a masu ɗaga hannu.

Asabe ta fara zuwa wurin injina tana taya ni wanke bokitai da tankaɗe, in sallame ta da yamma. Shekarunta ba su wuce talatin da biyu ba, mai fara'a, mai tsokana. Takan ce, “Mama, wannan injin naki ya fi ki surutu, amma kaɗan.” Na lura kullum a kan naɗaɗɗen buhu take zama, kuma ba ta tashi sai kowa ya juya baya. Na lura tana yawan cin farar ƙasa, in ta ɗaga bokiti sai ta tsaya tana haki. Na ce yunwar hanya ce da baƙin ciki. Ni da na haifi biyar, ban gane ba.

Sai wata rana wani ɗan kwamiti ya gan ta a Kasuwar Kure tana sayar da mudu biyu na shinkafar agaji. Aka kira ta gaban kwamiti, maza biyar a kan kujeru, ita a tsaye. Oga Bitrus ya tambaye ta me ta yi da kuɗin. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta yi shiru. Ya ɗauki rula ya ja layi a kan sunanta. Da na tambaye ta daga baya, sai ta ce, “Mama, bar shi kawai.” Ni ma har na ji haushinta a lokacin.

Bayan kwana tara ta yanke jiki ta faɗi a gaban injina. Da muka ɗaga ta, ƙasan wurin ya jiƙe da jini. A cikin Keke, kanta a cinyata, ta gaya mini abin da ta kasa gaya wa maza biyar. Wata biyar ke nan jini bai ɗauke mata ba. A ajin da suke kwana iyali takwas ne, da maza da yara, babu inda za ta wanke tsumma ta shanya ba a gani ba. Shinkafar nan ta sayar ne ta sayi audugar mata. Na ce, “Wayyo Asabe, me ya hana ki gaya mini?” Ta ce, “Kunya, Mama. Kun ba mu abinci, kun ba mu ɗaki, sai kuma in zo da wannan?”

Makon farko ya tafi a layi. Layin kati, layin ganin likita, layin hoto, layin lab. Ni ce mai tsayawa, ita tana kwance a benci, Iya na yi mata fifita da kwali. Likitan, wani saurayi mai haƙuri, ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya dube ni ya ce, “Mama, da wane jinin matar nan take tafiya?” Ya ce PCV ɗinta sha huɗu ne. Ban san mene ne PCV ba, amma na ga fuskar nas, na san ba alheri ba ne. Hoto ya nuna ƙari a mahaifa, suka ce sunansa faibroid. Likita ya ce ba abin mutuwa ba ne, aiki za a yi a cire, ta koma gida. Amma ba zai sa mata wuƙa ba sai an ƙara mata jini, kuma an ajiye wani a gefe. Sai ya faɗi kalmar da har gobe ina jin ta a kunnena: jininta O negatif ne, irin da ba a cika samu ba, kuma ba su da ko leda ɗaya.

Fada ya zo ya duba ta, ya ce asusun coci zai ɗauki kuɗin aiki, rajista ko ba rajista. Washegari ya tafi taron addu'a na limamai na kwana goma, inda ake kashe waya. Matan zumunta suka raba kwanaki, kowace da ranar kawo abincinta, suka yi karo-karo don magani da auduga. Ni na rufe injina. Kowa ya zo da shawararsa a baki. Wannan ta ce a matse ganyen ugu a haɗa da maltina da madara. Waccan ta ce a dafa karan dafi ta sha, ai ja ne, jini zai koma. Maƙwabciyata Hajiya Mairo ta kawo hanta da zogale kwana huɗu a jere, Allah ya saka mata. Iya kuwa ta dage akwai wani mai magani a Beji da ke tsayar da jini da saiwa ɗaya. Duk abin da ake ci muka ba ta, ta ci don kada ta ɓata mana rai.

Muka fara gwaji. Ni ban dace ba, maigidana bai dace ba, Monika ma haka. Matan zumunta goma sha biyu suka zo, aka mayar da rabi, wasu na shayarwa, wasu nasu jinin ma bai ishe su ba. Sauran babu mai irin nata. Sai wani abokin aikin maigidana, Malam Isa, Musulmi ɗan Beji, ya ajiye motarsa da rana tsaka ya zo, aka gwada ya dace. Ya ba da leda ɗaya, ya ƙi karɓar ko lemo, ya ce, “Maman Monika, in ana iya ɗiban biyu a ɗiba.” Suka ce ba a yi.

Ledar nan ɗaya ta tashi Asabe zaune. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta ce gishirin Maman Josef, mai girkin ranar, ya yi yawa, a gaya mata. Muka yi dariya har nas ta leƙo. Amma likita ya ja ni gefe ya ce jinin bai daina zuba ba, abin da aka ƙara zai bi hanyar da na farko ya bi. Leda uku yake so, a yi aikin cikin sati. Wata nas babba ta ce mini, “Mama, irin wannan jinin ba a nemansa gida-gida. Jama'a ake tarawa a gwada. Ba ku da coci ne? Ku yi sanarwa.”

A cocinmu haka ake yi. In an karanta neman jini ran Lahadi, ana tashi maza da samari su wuce asibiti, an sha yi. Amma babu mai yin sanarwa da bakinsa. Rubutawa ake yi a kai wa Sakatare kafin Lahadi, shi ya karanta bayan an karɓi Jibi, wato gurasa mai tsarki. Monika ta rubuta mini da kyakkyawan rubutu, na kai gidan Oga Bitrus ran Asabar da hantsi. Ya ba ni kujera, matarsa ta kawo ruwa. Ya karanta, ya shiga ɗaki ya fito da rajista, ya buɗe, ya nuna mini layin da yatsa.

Ya ce, “Maman Monika, wannan ai ba ta cikin mutanenmu yanzu.”

Na ce, “Oga, ba shinkafa na zo roƙo ba. Jini ne.”

Ya ce, “Na sani. Amma sanarwar 'yan gudun hijira da sunan kwamiti take fita. Kwamiti ya cire ta.”

Sai na ajiye kunya na gaya masa abin da ta saya da kuɗin. Ya kawar da fuska kamar na zuba masa ruwan wanke-wanke a ƙafa. Ya ce, “Haba Mama, wannan ai maganar mata ce. Me ya sa ba ta faɗa ba da aka tambaye ta?” Na ce, “A gaban maza biyar?” Ya ce to, zai duba, sai kwamiti ya zauna. Ya sa takardar a cikin fayil. Na yi masa godiya, har da rusunawa. In na tuna rusunawar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ran Lahadi wani baƙon Fada ne ya yi Mas, wato ya ja sujada. Coci ta cika har waje. Oga Bitrus ya hau ya gyara tabarau. Ya karanta taron 'yan kwaya, mawaƙan coci, ya karanta ankon bikin girbi, ya karanta ɗaurin aure biyu, ya karanta cewa an tsinci makullin babur. Ya rufe fayil ya sauko. Ina zaune, ina kallon maza ɗari da ɗoriya da jini cike da jikinsu, ban ce uffan ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a ɗaga murya a gaban bagade. Na ce a raina wataƙila ya manta.

A mako na biyu ƙafafun Asabe suka fara kumbura. In ta kwanta sai numfashi ya ƙi, dole a jingina ta da filo uku. In na sa hannu a ƙirjinta, zuciyar na bugawa da sauri kamar ta kaza. Wani mutum a bakin asibiti ya ce zai kawo mana mai sayar da jini. Ya kawo wani ramamme, aka gwada, irin nata ne, har na fara rawa a baranda. Sai lab suka ce yana da ciwon hanta, ba za a ɗiba ba. Kuɗin gwajin da na motarsa duk sun tafi a banza. Iya ta faki idona ta je Beji ta dawo da saiwa a gora, ta ba ta sha. Asabe ta kwana biyu tana amai, likita ya yi mana faɗa kamar yara. Ban ga laifin Iya ba, uwa ce, kuma mu masu takarda me muka kawo?

Ran Alhamis Fada ya dawo. Ko gida bai shiga ba ya zo asibiti, ya shafa mata man addu'a, ya nannaɗe hannun riga aka gwada shi, bai dace ba. Da na gaya masa zancen sanarwa, ya karɓi wata takarda ya rubuta da jan biro, “A karanta a kowane Mas,” ya sa hannu, ya aika wa Sakatare. Lahadin nan kuwa juyinsa ne na zuwa ƙananan cocin ƙauye, ƙaramin Fada ya bari a gida. Na koma na gaya wa Asabe an gama, ran Lahadi war haka jini zai yi mana yawa.

Lahadi ta biyu, Oga Bitrus ya karanta sunayen kwamitin girbi, mutum arba'in da wani abu, kowa da muƙaminsa, har da mai kula da kujeru. Ya duba agogo ya ce, “Saboda lokaci, sauran sanarwa sai mako mai zuwa.” Na ga jan biron Fada a ƙasan fayil ɗin daga inda nake. Bakina ya buɗe, amma sai 'yan kwaya suka ɗauki waƙar fita, na tsinci kaina a tsaye ina bi.

Na tare shi a ƙarƙashin mangwaro. Na ce, “Oga Bitrus, ba ka ga sa hannun Fada ba ne?” Ya ce, “Na gani. Fada bai san yadda muke fama da mutanen nan ba. Kwamiti zai zauna ran Laraba, a mayar da ita ta hanyar da ta dace, sai in karanta. In na karya doka yau, gobe kowa ya kwashi buhu ya yi kasuwa.” Na ce, “Matar nan tana mutuwa!” Ya ɗaura fayil a bayan babur, ya ce, “Ki kwantar da hankalinki, Mama. Ai ba yau za ta mutu ba.” Ya tayar da babur ya tafi.

Gaskiyarsa, ba ranar ta mutu ba.

Fada ya dawo ran Litinin, ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shi da bakinsa zai faɗa ran Lahadi. Ya faɗa a Mas na safiya na tsakiyar mako, amma wa ke zuwa? Tsofaffi irin su Iya. Ya bubbuga waya, maza bakwai suka zo cikin satin, babu wanda ya dace. Kwamiti kuwa bai zauna ran Laraba ba, mutum biyu sun yi tafiya.

A mako na uku Asabe ta daina tsokana. Tafin hannunta ya yi fari kamar an wanke shi da bilic. Ni ke canja mata, ni ke goge ta, kullum sai ta ce, “Mama, yi haƙuri,” kamar ita ta yi laifi. Ran Asabar da la'asar ta riƙe mini yatsa ta ce, “Mama, sun mayar da sunana?” Na ce sun mayar. Ƙarya na yi, kuma ban tuba da wannan ba. Ta ce, “To madalla. Ki gaya musu ni ba ɓarauniya ba ce. Mudu biyu ne kawai.” Sai ta ce in riƙe mata Iya, don tsohuwar ba ta iya tsallaka titi ba.

Lahadi da safe na zo da kunu, na tarar an sa mata robar numfashi a hanci. Nas ɗin nan babba ta kama kafaɗata ta ce, “Mama, in akwai abin da za ki yi, yanzu ne.” Na ajiye kunun, na hau babur ko ciniki ban yi ba. Na isa coci Fada yana tsakiyar wa'azi. Ban tsaya tsoma hannu a ruwa mai tsarki ba, ban durƙusa ba. Na tsaya a tsakiyar hanya na kware baki: “Jama'a! Asabe tana mutuwa a asibiti! Jini take nema! Ku taimaka don Allah!” Masu tsaron ƙofa suka nufo ni. Fada ya ɗaga hannu ya ce, “Ku bar ta. Duk mai lafiya ya tashi ya bi ta yanzu. Mas zai jira ku.”

Abin da na faɗa bai kai minti ɗaya ba. Coci ta tashi. Motar maigidana ta yi sawu biyu, ɗaliban Gidan Kwano suka hau babura bibbiyu da uku-uku, wasu da kayan kwaya a jikinsu. Layi ya fito daga lab har bakin ƙofar asibiti. Cikin awa ɗaya aka samu mutum huɗu masu irin jininta. Huɗu! Dukansu suna cikin cocin nan Lahadin farko, suna ciki Lahadi ta biyu. Na farkon, wani mai walda, yana kwance, leda ta kai rabi, ina tsaye a kansa ina sa masa albarka, sai na ji muryar Iya daga ɗakin mata. Ban taɓa jin irin kukan nan ba, da yarensu take yi, amma kowa ya gane.

Mutum huɗun nan duk suka ce a ɗiba duk da haka. Nas ta gaya mini daga baya cewa jinin ya ceci wata mai haihuwa. Na gode musu, na gode wa Malam Isa da Hajiya Mairo da matan zumunta da likitan da ya fito ya tsaya tare da mu idonsa jawur. Na gode wa Fada. Ga mata kuma ina cewa, in jini ya wuce kwanakinsa, a faɗa, ko wa za a faɗa wa. Kowa ya je ya san irin jininsa tun yana da lafiya. Kuma in an ce a jira kwamiti, a tambayi mai ciwon ko za ta iya jira.

Oga Bitrus ya zo jana'iza da farar kaftani, har ya matso zai ja addu'ar rosari. Monika ce ta riƙe mini zane ta baya da hannu biyu, kada in far masa. Na kwaso Iya da ƙullin kayanta na kawo gidana, tana nan har yau. Sati biyu ban iya cin abinci ba, ina ta tunanin abin da zan yi wa mutumin nan. Na yi tunanin zuwa gidansa da taɓarya. Na yi tunanin kai ƙara, amma wace kotu ce ke kama mutum don bai karanta takarda ba?

Sai na tuna da al'adarmu ta sa Mas. In mutum ya yi rashi, yakan je ofishin coci ya ba katikis, malamin coci, sunan mamacin da ɗan kuɗin baiko, a yi Mas domin hutun ransa. Kafin a fara, ana karanta sunayen da ƙarfi a lasifika. Mai karantawa kuwa Sakatare ne. Wannan ba ya bi ta kwamiti, ba ya bi ta rajista, kuma babu wanda ya isa ya tsallake sunan mamaci. Ran Litinin na je na ce wa katikis ya rubuta: Asabe, wadda ta rasu tana jiran sanarwa. Fada ya gani ya kira ni, ya ce, “Maman Monika, Mas ba bulala ba ne.” Na ce to a cire sauran, a bar sunan kawai. Ba shi da yadda zai hana.

Lahadin farko Oga Bitrus ya zo kan sunan, ya tsaya, ya yi tari, ya karanta. Mai waldan nan ya juya ya dube ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ran Litinin na koma na sake sawa. Haka kowane mako, Mas na ƙarfe takwas, wanda ya fi cika. In ciniki ya yi kyau in sa a Mas biyu.

A wata na biyu matarsa ta zo wurin injina, ta durƙusa a cikin ruwan markaɗe, ta ce, “Maman Monika, ki dubi Allah. Baban yara ba ya barci, hawan jininsa ya tashi.” Na kashe injin don ta ji ni da kyau. Na ce, “Jininsa ya hau? Ashe yana da na hawa. Tashi kar zanenki ya ɓaci.” Oga Bitrus ya nemi Fada ya sauke shi daga karatun sanarwa, Fada ya ƙi, ban san dalilinsa ba. Ni kuma da na je furta zunubi, Fada ya tambaye ni ko ina da niyyar dainawa. Na ce babu. Ya ce to in je in yi tunani. Tun ranar ban sake karɓar Jibi ba. In mutane sun tashi layi, ni ina zaune, ina matsar da gwiwa su wuce. Yana yi mini ciwo, ni da ban taɓa fashi ba tun ina 'yar shekara tara.

An soke dokar nan, an sa mata biyu a kwamiti, ana raba auduga tare da sabulu. Yanzu in takardar neman jini ta zo, Oga Bitrus ita yake fara karantawa, sau biyu, da Hausa da Turanci. Mutane har yaba masa suke yi. Ni kuwa duk sanda na ji, sai in ce ashe bakin yana aiki.

Lahadin da ta wuce ita ce ta talatin da ɗaya. Ya karanta sunan, amma bai wuce na gaba ba. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya rame, kaftanin na yawo a jikinsa. Ya ce, “Jama'a, Asaben nan da kuke ji kowane mako, ni aka kawo wa takardarta sau biyu na ƙi karantawa. An gaya mini dalilin da ya sa ta sayar da shinkafa, na sani, na ƙi. Ba ɓarauniya ba ce. Ina roƙon gafarar Allah, da ta mahaifiyarta, da ta Maman Monika.” Mata suka fara kuka. Iya, da ke kusa da ni, ta ɗaga hannu ta ce da gurguwar Hausarta, “Na yafe, ɗana.” Sai duk coci ta juyo tana kallona. Na kalli bagade har aka fara waƙa.

Ran Litinin da safe na je ofis. Katikis ya gan ni ya riƙe haɓa. Ya ce, “Haba Mama! Mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya tona kansa. Uwar yarinya ta yafe. Wa kuma ya rage da kike so ya ji sunan nan?”

Na ce masa akwai wata mata a cocin nan. Ta ji an tsallake takardar Lahadin farko, ta tashi ta tafi gida ta dafa shinkafa. Ta ji an tsallake Lahadi ta biyu, ta bi waƙar fita. Tana da baki, duk Bosso an san bakinta, minti ɗaya kawai ake nema a wurinta, ta ajiye shi sai da ya daina amfani. Na ce ita ba ta tsaya gaban kowa ta tona kanta ba tukuna, kuma ba ta gama ji ba.

Katikis ya jawo littafin sunayen Mas, ya tambaye ni ko na ƙarfe takwas ne kamar kullum.